Asalin Jirau, Maganin Tsila

Ranar da aka laƙaba wa maganin nan suna, mu biyar ne a tsakar gidana da ke Kacalla Sembe. Akwai ni. Akwai Garba mahauci, Bakano, wanda ya sha nasa kason maganin tun da sassafe, yana kwance a gindin tsamiya yana sauraron cikinsa. Akwai wata tsohuwa 'yar Kona da ke kawo mini sassaƙe daga kan dutse, Hausarta kaɗan ce, ni kuma ba na jin yarensu, muna ce mata Iya Kona. Sai Dada Mairo mai tallan nono, Bafillatana daga wata ruga a hanyar Sunkani, da matar ɗanta, Dija, wadda ba ta shekara a ɗakin miji ba. Yau duk sun rasu, saura ni da Dija, ita kuwa ba za ta gaya muku ba.

Ku da kuke jera kwalabe a tasha kuna kiran jirau, jirau, maganin tsutsar ciki, na tambayi da yawa cikinku abin da ake jira, ba wanda ya sani. Wani ya ce mini wai sunan itace ne a dajin Muri. Babu itace mai wannan suna. Ba'a ce, kuma ni aka yi wa.

Kuna ganin sana'ar ba ta wuce a jiƙa sassaƙe a ɗura a kwalba ba. Aikin farko da aka ba ni ba na sassaƙe ba ne. Na koya a hannun ƙanwar ubana, Gwaggo Lami, wadda muka taso tare daga Zazzau cikin ayarin marina, zamanin da Turawa ba su daɗe da zama ba. Da mijina ya rasu ban haihu ba, sai na koma ɗakinta. Ta miƙo mini kasko mai yashi a ciki da sillen kara, ta nuna mini bayan gida inda wani dogari ya gama tsugunno, ta ce, "Je ki nemo mini kai." Tsila ce ta fito masa, fara, faffaɗa kamar zaren saƙi, ta fi tsayina sau da yawa. Na dawo na ce ga ta nan duk ta fito. Gwaggo ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Jiki kika gani. Na ce kai." Ashe ana bin ta ne gaɓa-gaɓa da sillen, har inda take sirancewa ta zama kamar gashi, a can ƙarshe akwai ɗan ɗigo wanda bai fi kan allura ba. In wannan ɗigon bai fito ba, ba a yi komai ba. Ranar ban same shi ba. Dogarin ya ƙi zama a sake ba shi, ya ce shi ya warke. Kafin damina ta ƙare ya dawo yana riƙe da wandonsa, tsilar ta sake tofowa.

Na daɗe a kan kaskon nan kafin ta bar ni na taɓa gizago. Shi ma da ladabinsa. Maɗaci ana sassaƙarsa gabas da yamma, tafin hannu ɗaya, ba a zagaye itacen, in an zagaye ya mutu. Wanda ya tsiro a bakin rafin Mayo Gwoi ya sha ruwa ya ƙoshi, ɗacinsa sanyi-sanyi ne. Na kan dutsen Kona shi ne mugun, ludayi guda nasa ya fi uku na bakin rafi, kuma da ido ba ka raba su, sai da harshe. Ana haɗa shi da saiwar marke, a daka 'ya'yan kabewa ɗanye a dama, a bi da jiƙon tsamiya da filasko don ya kora. Tukunyar dahuwa ta ƙasa ce, ba ta taɓa ganin mai ko gishiri ba. Ludayina guda ne tun na Gwaggo, na san inda ruwa zai tsaya a cikinsa in ƙato ne, na san inda zai tsaya in tsoho ne mai rawar hannu. Wannan duk mai hankali zai iya koya.

Abin da ba a koya da sauri shi ne duban mutum. A gidanmu ba a ba da magani a tafi da shi. Mai ciwo zai zo da cikinsa wayam, ya zauna inda nake ganinsa, ina aikina ina kallonsa, yadda ya zauna, yadda ya tashi, launin cikin idonsa, abin da yake yi da yawunsa. Sai na gamsu nake aunawa. In ya sha kuma ba ya fita sai na ga kai da idona. Akwai waɗanda ba a ba ko sun yi kuka: mai zazzaɓi, wanda yunwa ta ci, da mace mai juna biyu. Maɗacin dutse ba ya tambayar abin da ya tarar a ciki, duk abin da ke kwance korarsa yake yi.

Masu zuwa kuwa mahauta ne suka fi yawa, don su suke ɗanɗana nama tun bai ga wuta ba, sai Fulani, sai masu sayen tsire a yammacin kasuwa. Da rana sukan wuce ni a hanya kamar ba su san ni ba, da asuba su zo suna Mai Ɗaci ki taimaka. Sunan da ake kira na ke nan a da, Mai Ɗaci. Kowa ya san inda hannuna yake shiga. In ana biki a unguwa akan aiko mini da tuwo a ganye, don kada kwano ya shigo gidana. In na je barka akan shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai kusa da ƙofa, kuma ba a miƙo mini jariri. Bayan rasuwar Gwaggo, ni da akuyata muke kwana a gidan.

Sai shekarar fara. Ta sauko dawa tana cikin bununi, ta bar kara tsaye tsirara. Turawa suka sa aka yi ta haƙa ramuka ana binne ta, ba ta ragu ba. Kafin a kai bazara yara sun fara kumburin ciki, ƙafafu kamar tsinke. Uwaye suka yi ta kawo su, wai tsutsa ce. Ina dubawa in ce a mayar da shi a nemo masa kunu, ba tsutsa ke cinsa ba. Uwar da ba ta da gero ba ta son jin haka, ta fi son a ce tsutsa ce, don tsutsa tana da magani. A nan ne wani Bakatsine ya shimfiɗa tabarma a kasuwa, yana ƙulla sassaƙe a tsumma, kowa ya zo ya miƙa masa, ba tambaya. Ya ce a jiƙa a kwana, a sha da hantsi kafin a karya. Na taɓa ɗanɗana ƙullinsa, na dutse ne zalla. Mutane suka koma can. Gidana ya zama sai tsofaffin abokan ciniki irin su Garba.

To, a cikin wannan ne Dada Mairo ta yi sallama da hantsi, Dija na bin bayanta da ƙwarya a kai. Hausar Dada irin ta nan ce, ba ta raba mace da namiji.

"Mai Ɗaci, jam, lafiya? Na kawo maka aiki."

Ta kwance bakin zanenta ta buɗe wani ganye. Gaɓoɓin tsila ne guda-guda, farare, kamar 'ya'yan kabewa, ɗaya ma yana motsi.

"A tabarman yarinyan nan na samu. Ka ba shi yau ya sha. In mutanen gari suka ji akwai wannan a gidan mai nono, wa zai saya a hannuna?"

Garba ya ɗago kai daga inda yake kwance. "Ni zan saya, Dada. Tawa ta daɗe ba ta da abokiyar hira."

Na ce, "Kwanta, Bakano. Wanda ya ci rabin saniya ɗanya ba ya sa baki a maganar mata."

"Ji Bazazzagiya. Ta ɗura mini guba, kuma ta hana ni wasiyya."

Tsila dai gaskiya ce, ba wanda zai yi musu, ga ta a ganye. Yarinyar ta rame, amma shekarar kowa ya rame. Na ce su shigo inuwa. Akuyata tana ɗaure a turke, igiyarta ta ratsa tsakar gidan daga turken zuwa inda take kiwon ɓawon gyaɗa. Dada ta tsallake igiyar ta wuce. Dija ta zo daf da ita ta tsaya. Sai ta juya ta bi ta bayan turke, ta ratsa tsakanin murhu da bango, inda hayaƙi yake, da ƙwaryarta a kai, ta zagayo ta zauna. Hanyar ta ninka, ga zafi. Ba mai yin haka sai wadda aka gaya wa tun tana ƙarama cewa mai ciki ba ta tsallake igiya, kada cibiya ta naɗe wuyan ɗa.

Na ci gaba da dakan kabewa ina kallonta. Ta tara yawu ta rasa inda za ta zubar, ta faki idon surukarta ta tofa a toka ta rufe da ƙafa. Na ba ta ruwa, da ta ɗaga kai tana sha na ga jijiyar ramin wuyanta tana bugawa da sauri. Na ce ta biyo ni bayan ɗaki in ga harshenta. A can na rage murya na ce, "'Yata, yaushe rabonki da fashin salla?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, tana haƙar ƙasa da babban yatsa. Na sake tambaya. Ta ce, "Mi anndaa," wato ba ta sani ba. Ta sani. Cikin fari ne, kuma Bafillatana ce. Da ta buɗe baki ta faɗa a inda uwar mijinta za ta ji, gara ta shanye tukunyar duka ta kwanta ta mutu. Mijin kuma ya bi shanu fadamar Binuwai, ko yana nan ma ba shi za ta gaya wa ba.

Za ku ce me ya hana ni in ja Dada gefe in raɗa mata. Ku ba ku san zamanin ba. Cikin fari ba a ambatarsa sai ya fito da kansa, bare ma bare ya riga 'yan gida ambata. In na faɗa, cikin ya zo ya lalace, a shekarar da ciki ke zubewa saboda yunwa kawai, bakina ne ya ci shi. Mace ba miji, ba ɗa, mai kwana da saiwoyi, wadda ba a ba ta jariri ta riƙe. Kalma ɗaya ta rage a kira ni da ita a garin nan, kuma wadda aka kira da ita ba ta ƙara kwana cikin gari. Ban da haka ga namiji kwance a tsakar gida da kunnuwansa a buɗe.

Na dawo na ce, "Dada, ba yau ba. A jira."

"A jira me?"

"A jira ta yi ƙarfi."

"Ƙarfi? Yarinyan da yake ɗauko tulu daga rafi yana gudu? Ka duba ganyen nan da kyau."

"Na gani. Tsila ba ta kisa a wata ɗaya ko biyu. A wanke tabarma, ta daina taɓa ƙwaryar nono, a jira."

"Har yaushe?"

"Zan gaya miki in lokaci ya yi."

Dada ta miƙe tsaye. Ta nuna Garba da baki. "Wancan ƙato ka ba shi, don yana kawo maka tsoka. Mu na daji ba mu isa ba. Mun taso tun duhu, yarinya bai ci komai ba, mun bar tallan yau, ka ce a jira. Masu yara sun zo, a jira. Kowa ya zo gidan nan, a jira. Magani kake sayarwa ko zama?"

Garba ya ce, "Ai kin gama sa masa suna, Dada. Jirau ke nan, maganin Zazzagawa. Ana jira tsutsa ta tsufa ta mutu don kanta."

Ya fashe da dariya, dariyar ta motsa masa ciki, ya tashi da gudu ya yi bayan gida yana riƙe da mazagi. Dada ba ta yi dariya ba. Ta maimaita kalmar sau biyu kamar mai ɗanɗana gishirin miya, ta ɗaure ganyenta a bakin zane.

"Akwai mai magani a kasuwa wanda ba ya jirau. Tashi mu tafi."

Ta tsallake igiyar ta fita. Dija ta ɗauki ƙwarya, ta sake bi ta bayan turke, ta cikin hayaƙi. Iya Kona tana zaune kan damin sassaƙenta tun ɗazu. Ta bi ƙafafun yarinyar da ido har zaure, ta juyo ta dube ni, ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar daminta. Ita ma ta gani. Ita ma ba ta da bakin faɗa.

Ban iya bin su ba. Mutum ya sha maganina yana bayan gidana, ba a barinsa. Na ɗauki kasko da sille. Tsilar Garba doguwa ce, ta tsinke wuri-wuri, sai bayan la'asar na sami kan, na ɗora a bakin sille na nuna masa. Matarsa ta zo tafiya da shi da kunun kanwa a ƙoƙo. Tun daga zaure take cewa, "Sannu da aiki, mai jirau." Na tambaye ta inda ta ji. Ta ce ai duk rumfar mahauta da layin masu nono ba abin da ake yi sai shi, Dada Mairo ta bi rumfa-rumfa tana ba da labari. Ta ce ta kuma gan ta tsugune a tabarmar Bakatsine, ya ƙulla mata babba, wai na mai taurin ciki.

Sunan bai sake ni ba. Yara suka riƙa rera shi a bayan katangata. Fulanin hanyar Sunkani suka ɗauke ƙafa, ragowar shekarar tafasa da rama na ci, wata rana ba gishiri. Daga kaina ya koma kan maganin, daga maganina ya koma kan duk wani jiƙo na tsutsar ciki, har Bakatsinen da kansa ya fara kiran nasa jirau, don da sunan ake zuwa nema. Haka ya gangaro har kwalabenku. Amma wannan daga baya ne.

Washegari, da na idar da sallar asuba, na shiga rumfar da nake ajiye itacen dahuwar magani. Dami ɗaya ya rage na ƙirya, busasshe, mai nauyi. Na ɗaure shi na yi gammo na ɗauka, na kama hanyar Sunkani. Na san ƙa'idar Bakatsine, sai da hantsi ake sha, in an saki shanu. Na yi sauri iyakar yadda itacen ya bar ni. Rana ta ɗaga kaɗan na hango rugar.

Dada Mairo tana tsugune a ƙofar bukkarta. A gabanta ga ƙwarya, jiƙon ya kwana ya yi ja kamar jini, tana tace shi da tsumma. Dija tana zaune a ƙofar tata bukkar, ta haɗa kai da gwiwa. Na yi sallama, Dada ta amsa ba ta tashi ba.

Na wuce ta. Na je ƙofar bukkar Dija na sauke damin, na kwance, na jera itacen a gefen bango ɗaya bisa ɗaya, yadda ake jera itacen wankan jego a ƙofar mai jiran haihuwa. Lokacinsa bai yi ba, da sauran watanni, amma ba ni da wani bakin sai shi. Dija ta dubi itacen, ta tashi ta shige ɗaki ta ja asabari.

Na ce, "Ƙirya ce, Dada. Tana daɗewa a wuta, ruwa ya tafasa sosai. A ajiye inda ruwan sama ba zai taɓa ba."

Dada ta dubi itacen. Ta dubi asabarin. Hannunta yana cikin tsumman tacewa, jan ruwan yana ɗiga ta tsakanin yatsunta. Sai ta miƙe da ƙwaryar, ta je bayan shingen maruƙa ta tuntsurar da ita a ƙasa, ta tura turɓaya da ƙafa ta rufe wurin don kada ɗan maraƙi ya lasa. Ta dawo tana goge hannu a zane.

"Hanya da nisa," ta ce.

"Da nisa."

Ta shiga ta fito da kindirmo a wani tsohon ƙoƙo mai tsaga a baki, ta ajiye a ƙasa ɗan nesa da ni. Na sha, na kife ƙoƙon a inda na same shi. Ba ta ce in zauna ba, ba ta ambaci jiya ba, ni ma ban ambata ba. Na naɗe igiyar damina na juyo gari. Na tsaya a bakin rafi na tsinci ƙirare, don ba ni da abin hura wuta, na iso gida na kwance akuya na ɗora tukunya ko wani zai zo.